Mudun Sule

Tun da na dawo daga Sudan ban huta da tambaya ba. In na buɗe shagon niƙa da safe, kafin in tayar da inji wani ya riga ya ja benci ya zauna, wai Isa ba mu labarin Kartum. Na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba da shi a wurin suna, har na fara jin labarina a bakin wasu an ƙara masa gishiri. Ilu tela yana yaɗa wai na auro Balarabiya na ɓoye ta a Maiduguri. To ga shi na rubuta. Wanda bai iya karatu ba ya nemi mai karanta masa, a bar ni in nemi abincina.

Aike ne ya kai ni, ba yawo ba. Gidanmu a ƙasar Gumel gidan makoɗa ne, masu bin dutsen niƙa da ƙarfe mai tsini suna sassarawa har ya yi kaushi ya koma cin hatsi. Inji ya kashe sana'ar, ni ma injin nake ci da shi. Babana Malam Sule yana da wa, Habu, wanda ya bi ayarin mahajjatan ƙasa tun ba a haife ni ba, kuma ba wasiƙa ba saƙo. A gidanmu ba a ambatonsa. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, wani alhaji da ya dawo ta ƙasa ya zo dubiya, cikin hira ya ce ya taɓa jin labarin wani Habu makoɗi, mutumin wajenmu, a gefen Umdurman, amma bai gan shi da ido ba. Kwana uku Baba bai ci abincin kirki ba. Ran na huɗu ya ce in kawo rikodata, in nuna masa inda ake dannawa, in fita in ja ƙofa. Da ya gama ya miƙo mini kaset ɗin.

Ya ce, "Ka kai wa yayana, gafararsa nake nema. Kada ka saurara a hanya. Kuma kada ka daɗe, ka dai ga yadda nake."

Daga Maiduguri zuwa Gamboru ba abin faɗa. Wahalar ta fara ne bayan mun haye ruwa zuwa Injamena, inda na sami wata babbar mota mai ɗauke da kwanuka za ta gabas. A saman kaya muka zauna, mu fiye da talatin. Direban wani Bashuwa ne wanda in taya ta fashe sai ya fara hura gawayi ya dafa shayi, ya sha kofi uku, sannan ya dubi tayar. Ni da nake ƙirga kwanakin Baba, rana ta uku na sauko na zazzage masa abin da ke cikina. Ya saurare ni har na gama, ya miƙo mini kofi. Na karɓa, don ba yadda zan yi. In mota ta kafe a yashi kuwa, kowa ya sauko, mu shimfiɗa faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashin taya, mu tura, mu kwashe ƙarfen mu bi ta da gudu. A irin wannan gudun takalmina ɗaya ya tafi, na shiga Abashe da ƙafa ɗaya a ƙasa.

A kan iyakar Sudan aka zazzage jakata. Jami'in da ke dubawa ya ɗaga kaset ɗin, ya ga ba rubutu a jikinsa, ya ce sai ya ji abin da ke ciki. Na yi magiya da hannu da ƙafa, bai fahimce ni ba. Ya aika aka kira wani Bahaushe mai sayar da shayi a bakin shingen don ya yi tafinta, ya sa kaset a rikodata ya danna. Haka na ji abin da aka hana ni ji, a tsaye a rana, a gaban baƙi.

Ga abin da Baba ya faɗa. Dokar kakanmu ita ce, in makoɗi ya gama koɗa dutse ba zai miƙa wa matar gida ba sai ya durƙusa da kansa ya niƙa mudu guda na dawar da ya zo da ita daga gida, har dutsen ya zubar da tsakuwarsa, a watsa wa kaji. Wata shekara ana biki a gidan dagaci, aka tura Habu da Sule su koɗa duwatsu. Habu ya gama nasa ya fita, ya bar Sule da dutsen ƙarshe. Sule yana ɗan shekara goma sha bakwai, 'yan mata sun cika tsakar gida suna dariya suna jiran su ga namiji ya durƙusa yana niƙa kamar mace, a cikinsu har da wadda yake so. Kunya ta kama shi, ya tura mudun dawar bayan rumbu ya ce ya gama. Tuwon biki ya fito garas-garas, wani babban baƙo ya fasa haƙori. Kakanmu ya tambaya a bainar jama'a wa ya yi, Sule ya sunkuyar da kai, Habu shi ne babba, laifi ya hau kansa. Kakanmu ya karɓe ƙarfen koɗa daga hannunsa a gaban mutane. Da aka yi girbi Habu ya bi ayari.

Mai shayin yana ta fassarawa. Jami'in ya kashe rikoda tun kafin ta ƙare, ya cire kaset ya goge shi da hannun rigarsa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya yi magana, mai shayi ya ce wai in yafe masa, shi ma yana da ƙane. Shi ya tsayar mini da motar da ta kai ni Nyala, ya ce a sa ni gaba kusa da direba. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Daga Nyala jirgin ƙasa na shiga, kwana huɗu, mutane har a kan rufinsa. A nan na fara sanin halin mutanen Sudan a kan abinci. Karin kumallonsu sai hantsi ya dubi ludayi, wake ne manya-manya da suke kira ful, a dama shi da man riɗi a babban kwano, kowa ya sa hannu. Wani dattijo ya ce in matso, ni kuwa na yi irin tamu, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, ina jiran a sake tayi sau biyu. Sai na ga ya miƙe yana faɗa yana nuna sama. Wani da ke jin Hausa ya raɗa mini cewa ya rantse da sakin matarsa in ban ci ba. Wallahi ban san lokacin da na tsoma hannu ba. Ina ni ina kashe auren mutum a kan wake! Daga ranar ko ba a gama tayi ba na wanke hannu.

A Kartum an ba ni sunan wani Malam Idi a Alhilla Kuku, can hayin kogi. Sana'arsa agashe, wato tsirenmu ne aka sake masa suna. Kakansa Bakatsine ne da ya taso zuwa Makka ya tsaya a hanya, shi kuwa ko Najeriya bai taɓa gani ba. Bai tambaye ni komai ba sai da ya bubbuga mini kafaɗa irin gaisuwarsu, ya sa aka fito mini da gadon igiya a tsakar gida, ya ba ni takalmi. Hausarsa rabi Larabci ce. 'Ya'yansa mata in na yi magana sai su rufe baki da mayafi suna dariya, wai ina magana kamar kakarsu. Abincin gidan kisra ce, wata aba mai tsami ta garin dawa, siririya kamar takarda, ana ci da miyar kuɓewa. Kwana biyu na farko ina tashi da yunwa, daga baya na saba.

Nema kuwa ya ba ni wuya. A can ba mai cewa Habu, kowa Abbakar ne, kuma duk masallacin da na shiga na mutanenmu sai a nuno mini Abbakar biyar. Malam Idi ya rufe tukubarsa rana uku ya zaga da ni. Mun je Soba, mun ga wani Abbakar mai lambu, ashe Bazazzagi ne. Mun je kasuwar Umdurman, aka kai mu wajen wani Abbakar makaho da ya riƙe hannuna yana kuka wai in ba shi labarin Sakkwato. Motar haya ma ta yi mini nata, don su in za su sauka ɗan yatsa suke kaɗawa ya yi ƙara, ni kuwa ina ta ihu a tsaya har aka wuce da ni unguwa biyu. Kwana goma sha shida ina wannan. Ran nan na dawo a gajiye, Malam Idi ya ce in yi haƙuri, sai kawai na hau shi da faɗa, na ce su mutanen nan ba abin da suka iya sai shayi da a yi haƙuri, ubana yana can yana mutuwa. Mutumin da ya ba ni gado da takalmi! Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Da safe ya ce in je Alsawra wajen yayarsa Hajja Asabe, ta fi shi sanin tsofaffi.

Hajja Asabe ba ta san wani Habu ba. Amma ta kawo mini tuwon dawa, asida suke ce masa. Ɗan makoɗi ba ya haɗiye lomar farko sai ya tauna ta da turame yana sauraro, haka muka tashi. Tun da na shiga Sudan ban ci abin gari ba sai na ji ɗan ƙasa-ƙasa a haƙori. Wannan kuwa na tauna, na sake taunawa, ban ji komai ba. Na tambaye ta ina take niƙa. Ta ce Hillat Ɗahuna, wato unguwar injin niƙa, can bayan layin ƙarshe na Alsawra, kuma duk macen da ta san ciwon kanta a nan can take kaiwa ko da akwai inji a ƙofar gidanta. Sai dai ta ce kada in je gobe Alhamis, ran nan suke koɗa dutsen inji, suna ɓata wa mutane lokaci. Na ce ai goben zan je.

Na yi zaton ƙauye zan gani. Gari na tarar, da kasuwa da masallacin Juma'a da makarantar boko, da wani titi da ya miƙe sambal sai ya lanƙwashe ba dalili ya zagaye wani tsohon ɗaki na jar ƙasa. Mata sun yi layi da kwanduna suna mita. A ciki wani ƙato mai kamar shekaruna ya gama koɗa wasu manyan duwatsu biyu, faɗin kowanne ya kai tabarmar sallah, ana mayar da na sama da sarƙa. Ya tayar da inji. Matar da ke gaba ta ɗaga kwandonta, ya ɗaga mata hannu, ya juya ya yi wa abokin aikinsa magana da Larabci. Ban ji komai ba sai kalma biyu a tsakiya: mudun Sule.

Ina kallo aka ɗebo dawa daga wani buhu na daban aka zuba, garin ya fito, aka kwashe aka watsa a bayan ɗaki, kaji suka rufa. Na tambayi tsohuwar da ke kusa da ni wane ne Sule. Ta ce oho, haka dai ake kiran abin tun tana amarya.

Ƙaton nan Usman ne, ɗan Baba Habu. Da na faɗa masa ko ni wane ne bai iya Hausar da zai amsa ba, sai ya rungume ni, ya shafe ni da gari daga sama har ƙasa, ya ja ni zuwa gidan da ke jikin ɗakin injin. A ƙarƙashin rumfa wani tsoho yana zaune a gadon igiya. Hancin Baba ne, kunnen Baba ne. Matarsa Inna Hauwa ta gargaɗe ni cewa shekarun da ya yi a jikin inji sun cinye masa kunne, ko aradu ba ya ji. Ta yi masa nuni da hannu irin nasu na su biyu. Tsohon ya kama hannuna ya juya bayan hannun yana duba ɗigon baƙin da tartsatsin ƙarfe ke bari a fatar makoɗi. Ina da 'yan kaɗan na ƙuruciya. Ya shafa su da babban yatsa, ya ɗaga murya yadda kurame ke yi har kaji suka watse.

"Sule yana da rai?"

Na gyaɗa kai.

Ba a bar ni na fito da kaset ba sai da aka yanka rago aka ci. Muna ci Baba Habu yana ba ni labarin garin da ihu, Inna Hauwa tana gyara masa a hankali tunda ba ji zai yi ba. Shekara goma sha biyu ya yi yana tsinkar auduga a Jazira, ran hutu yana koɗa wa matan leburori duwatsu da ƙarfen da wani maƙeri ya ƙera masa. Bayan Turawa sun tafi ya shigo Umdurman, wani Bagirike mai injin niƙa ya ɗauke shi koɗa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa tsohon injin. A cikin gari ba wanda zai ba shi fili, sai ya kwaso shi zuwa nan, inda hanyar raƙuma daga ƙauyukan arewa ke wucewa kusa da wata tsohuwar rijiya. Ba kowa sai shi da ita da rumfar zana da kunamu. Mutane suka ce Takari, haka suke kiran mutanenmu a can, ya haukace.

Mata ne suka fara zuwa, ɗaya ta gaya wa ɗaya cewa akwai garin da ba ya cin haƙori. Masu jira suna son ruwa, sai wani mai jaki ya fara jido ruwa, ya kafa bukka. Suna son shayi, sai Inna Hauwa ta ɗora tukunya, don haka ta ce ita ta kafa garin, shi ƙara kawai yake yi. Sannan abokan tsinkar auduga da suka gaji da Jazira suka riƙa zuwa da iyalansu suna neman gefe, aka sami maƙeri, aka sami mahauci, wani malami ya buɗe makarantar allo, aka jera duwatsu aka ce nan ne masallaci. Ta ce shekarun farko kullum tana roƙonsa su koma cikin mutane, sai da 'yarsu ta fari ta rasu aka binne ta a bayan rijiya, kabari na farko a wurin, daga nan ba ta ƙara cewa a tashi ba. Da hukuma ta zo yanka layi da ba gidaje lamba, titi ya faɗo daidai kan ɗakin inji. Mata suka zo da kwandunansu suka zauna a kewaye tun safe. Mai awon ya duba ya ga uwarsa a cikinsu, ya naɗe igiyarsa ya sake awo. Lanƙwasar da na gani ke nan.

Bayan la'asar na ajiye rikoda a gabansa na danna. Muryar Baba ta fito tana haki. Inna Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuwa Baba Habu yana kallon kaset yana juyawa, ba ya jin ko kalma, ni kuma zuciyata ta karye, na ce na keto ƙasa uku na kawo wa kurma murya. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan rikodar ya bar shi a nan har ta tsaya.

Ya ce, "Maganar tsakuwa yake yi, ko?"

Na gyaɗa kai, hawaye na zuba. Ya ce ai ya sani tun ranar. Da zai fita ya waiwayo ya ga Sule yana tura mudun bayan rumbu, kuma bai koma ba, don ana kiɗan kokawa a dandali yana sauri. Shi ya sa bai buɗe baki a gaban kakanmu ba, rabin laifin nasa ne. Amma bai ɓoye mini ba, ya ce ya yi fushi, fushi mai tsawo. A Jazira duk sanda ya durƙusa wanke dutse sai ya ce ga mudun Sule, kuma ba da alheri yake faɗa ba. Sai da ya zo nan ya ga mata suna wuce injuna uku suna zuwa wurinsa, ya ga bukka ta zama gida, gida ya zama layi, sannan ya gane mudun nan shi ya ciyar da shi. Tun daga lokacin in an zuba sai ya yi wa ƙanensa addu'a. Ya so ya aika wasiƙa, kunyar daɗewa ta hana shi, shekara tana bin shekara.

Ya sa na juya kaset ɗin ya yi magana a bayansa. Inna Hauwa ta cika mini jaka da garin dawa na niƙan ranar. Da mutanen unguwa suka ji halin da Baba yake ciki, ba su bar ni na koma ta ƙasa ba, suka haɗa kai suka sa ni a jirgin sama zuwa Kano. Malam Idi ya zo rakiya da ƙunshin agashe. Na fara ba shi haƙurin faɗan da na yi masa, ya bubbuga mini kafaɗa ya ce shi bai tuna ba. Allah ya saka wa mutanen nan, ni ba ni da bakin gode musu.

Na tarar da Baba da rai, ya rame ƙwarai, sai an tallafe shi yake zama. Allah ya ara masa kwana har farkon damina. Ranar da na iso ban ko cire takalmi ba na danna masa kaset. Muryar Baba Habu ta cika gidan har maƙwabta suka leƙo.

"Sule! Na yafe tun ba a haifi yaron nan ba! Kai ma ka yafe mini shiruna! Sunanka yana nan, gari guda yana kiransa duk Alhamis!"

Baba ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka. Innata tana bakin ƙofa, ta ce ita fa ta tuna ranar bikin, tana cikin masu dariyar, ba ta taɓa sanin abin da dariyar ta jawo ba. Ta karɓi jakar garin ta shiga madafa da kanta, ta hana matata taɓawa.

Da aka kawo tuwon na tallafe shi. Rabonsa da abinci mai nauyi ya fi wata. Ya gutsuri loma ƙarama, ya sa a gefen da yake da sauran turame, ya rufe ido yana taunawa a hankali, yana sauraro. Ya daɗe kafin ya haɗiye.

Ya ce, "Babu tsakuwa." Ya miƙa hannu ya ƙara.